Malta a Zamanin Bas Mai Igiyar Ƙararrawa

Wanda bai zauna Tarabulus a shekarun takunkumi ba zai yi mamaki in aka ce masa an yi zamanin da mai son zuwa Kano daga can sai ya fara juya wa Kano baya. Kano tana kudu, mu kuwa arewa muke dosa: mu shiga jirgin ruwa da magariba, mu kwana a kan Bahar Rum, gari ya waye mana a Malta. A watan Afrilu na 1992 ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana jiragen sama shiga Libiya ko fita daga cikinta, saboda rigimar jirgin fasinjan Amurka da ya tarwatse a samaniyar Lockerbie a 1988, kuma ba a sassauta ba sai Afrilun 1999. A tsawon shekara bakwai ɗin nan, mutumin Tarabulus da ke son hawa jirgin sama galibi hanya biyu gare shi, ko ya bi mota zuwa tsibirin Jarba na Tunisiya, ko ya bi ruwa zuwa Malta. Ta haka ne ƙasar da ko a taswira sai ka ƙura ido kafin ka hango ta ta zame mana ƙofar gida.

Ina ɗalibi a lokacin. Hutun 1994 ne ya fara ɗora ni a hanyar, ni da wani abokin karatuna mutumin Damagaram. Tafiyar dare guda ce, wajen awa goma sha biyu in teku ta tashi da sanyin hali. Jirgin cike yake maƙil. Ga tsofaffi marasa lafiya da ake kai wa asibitocin Turai, an shimfiɗa musu barguna a lunguna. Ga 'yan kasuwa da jakunkuna wayam waɗanda za su dawo da su a ɗinke. Ga ma'aikatan rijiyoyin mai da ke tafiya ganin gida. Mu 'yan makaranta ba mu da kuɗin ɗaki, sai muka yada zango a saman bene muka yi matashi da jakunkunanmu. Wasu Larabawa da ke kusa da mu suka fito da shayi, irin nasu mai kauri da ake watsa wa gyaɗa, suka miƙo mana ba su ko tambayi sunanmu ba. Abokina bai iya sha ba. Tunda uwarsa ta haife shi ko kwalekwale bai taɓa hawa ba, kuma tun fitilun Tarabulus ba su gama ɓacewa ba cikinsa ya fara juyawa. Yana rungume da ƙarfen bakin jirgi ya dube ni ya ce, "Malam, fataken da suka yi ta ratso Agadas da Gat a kan raƙumi, da suka zo bakin ruwan nan suka juya, wallahi ba wawaye ba ne."

Da asuba ta yi aka hango ƙasa, duk wahalar ta bi ruwa. Shiga babbar tashar jiragen ruwa ta Valletta, babban birnin ƙasar, da hantsi abu ne da sai wanda ya gani. Ganuwa ce hagu da dama, ta dutse mai launin zuma, ta taso tun daga cikin ruwa, gidaje da hasumiyoyin coci a birbishinta. Ɗan Kano ba baƙon ganuwa ba ne, amma tamu ta ƙasa ce, damina tana cinta kowace shekara. Wannan kuwa an gina ta ne don ta tare harsashin igwa. Mayaƙan Kirista da ke riƙe da tsibirin tun 1530 su suka kafa birnin a 1566, shekara guda bayan rundunar Daular Usmaniyya ta yi musu ƙawanya ta koma ba ta ci nasara ba. Cikin ruwan, ƙananan jiragen fito masu dogon hanci suna kai da kawo, matuƙin a tsaye yake tuƙi yana fuskantar gaba. Daga bakin tasha zuwa cikin birni hawa ne sosai. An taɓa yin lif da ke ɗaga mutane daga ƙasa zuwa lambun Barrakka, amma tun 1973 ya daina aiki, don haka a kafaɗa muka saɓa kayanmu muka bi matakala muna haki.

Jirgin saman da zai kai mu Alƙahira, daga can mu sami na Kano, sai bayan kwana uku. Kwana ukun nan, da irinsu da na riƙa samu duk shekara har 1998, su suka haɗa ni da motocin da nake son ba da labari.

A bakin ƙofar birnin akwai wani ƙaton shataletale, a tsakiyarsa maɓuɓɓugar ruwa da mutum-mutumi uku na tagulla, rabinsu mutum rabinsu kifi, sun tallafo wani faifai. Kewaye da ita kuma bas-bas ne, sun yi da'ira hanci da wutsiya, injuna na ruri, hayaƙin gas ya turnuƙe, direbobi na ƙwala wa juna kira. Na tsaya na saki baki. Turai na zo gani, sai ga ni a tashar Kofar Wambai. Motocin kore ne a shekarar, rufinsu fari; da na dawo bayan 1995 na tarar an mai da su ruwan ɗorawa da ratsin ruwan lemo. Amma fenti ne kawai ya haɗa su. Wata Bedford ce, wata Leyland, wata AEC, wata Ford mai dogon baki irin na gingimarin da muka tashi muka gani yana dakon gyaɗa. Da yawansu sun girmi 'yancin kan ƙasar, wanda ta karɓa daga Ingila a 1964. Kan mota da injin daga Ingila ake kawo su, wasu ma ragowar motocin sojan Ingila ne, bodin kuwa maƙeran tsibirin ne suke ƙera shi da hannu. Injin in ya gaji a sauke shi a ɗora wani, don haka sai ka ga mota fuskarta ta kaka, zuciyarta ta jika.

Abin da ya sa haka shi ne kowace mota da mai ita. Su ɗari biyar da 'yan kai ne a babban tsibirin, kuma mafi yawa direban shi ne mai motar, sau da yawa ma gadonta ya yi daga mahaifinsa. Ƙungiyarsu ce ke raba musu layi, yau aiki gobe hutu. Ranar hutun a garejin gida motar take wuni, ana wanke ta, ana goge ƙarafan gabanta har su riƙa ɗaukar ido, ana ɗaure abin da ya kwance. Akwai masu sana'ar yi musu zane na musamman, sana'ar da suke kira tberfil: siraran layuka masu lanƙwasa kamar zanen lalle, da rubutu mai ƙawa a goshi da ƙeya. Wannan an rubuta mata sunan waliyyin garinsu, waccan sunan 'yar mai motar, wata kuma habaici ne ga maƙiya. Duk wanda ya taɓa bin bayan motar katako a hanyar Funtuwa yana karanta abin da aka rubuta mata ba ya bukatar tafinta a nan. A ciki, sama da kan direba, akwai ɗan akwatin gilashi da hoton Nana Maryamu ko na Annabi Isa yadda su suke suranta su, da furen roba, da ƙaramar fitila ja. Gefe guda hoton iyali ne da tutar ƙungiyar ƙwallo. Na taɓa shiga wadda aka rataye kejin kanari kusa da madubi, tsuntsun yana ta rera kukansa injin na amsa masa.

Babu kwandasta, babu ɗan kamasho. Direba ne ke karɓar kuɗi, ya yago maka ɗan siririn tikiti, ya tono canji daga wani akwatin katako da ke gefen sitiyari, wani lokaci mota tana tafe. Ƙofa kuwa, mai ita ba ta rufuwa, wata ma ba ta da ita sam, iskar teku ce fankar kowa. In ka zo sauka, akwai igiya da aka ja ta bi rufin motar tun daga baya har gaba, a ƙarshenta ƙararrawa. Ka miƙa hannu ka ja, ta ce ƙilin a saman kan direba. Sau ɗaya ake ja. Na ja sau uku a rana ta farko, don ina tsoron bai ji ba, sai ya ɗago ido ta madubi ya yi mini wani kallo da ban sake ba.

A tashar nan ne kuma harshensu ya fara ba ni mamaki. Ina neman motar da ke zuwa Mdina, tsohon babban birninsu, na tambayi wani direba da Turanci. Bai ko cire sigari daga bakinsa ba ya nuna da haɓa ya ce, "Tmenin." Na duba, ai kuwa lamba 80 ce a goshin motar. Tamanin! Na kwashe da dariya har ya tsaya yana dubana. Larabawa sun ci tsibirin a shekara ta 870, kuma ko da mulkinsu ya wuce, harshen ya zauna, ya yi ta ɗibar kalmomin Italiya da na Ingilishi, ana rubuta shi da baƙaƙen boko. Mu kuma ta hanyar malamai da fatake muka ɗebi namu rabon daga rijiya ɗaya. Sai ga shi ashirin ɗinsu oshrin, hamsin hamsin, sittin sittin. Talata Tlieta, Alhamis Hamis, Lahadi Hadd. Direba in ya ga dama ya kira ka siehbi, wato sahibi. Valletta ma ba sa kiranta da sunanta, il-Belt suke cewa, kamar yadda mutumin ƙauye zai ce zai shiga birni kowa ya san inda yake nufi. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, mutanen nan 'yan Katolika ne na gani kashe ni, amma Ubangiji Alla suke kiransa, azuminsu na kwana arba'in kuma Randan.

A cikin lamba 80 ɗin na zauna kusa da wata tsohuwa mai baƙaƙen kaya, kwandon cefane a cinyarta. Da direba ya sa giya, sai na ga ta taɓa goshi da ƙirji da kafaɗu tana motsa baki. Ni ma a daidai lokacin ina karanta addu'ar hawa abin hawa. Muka dubi juna. Ta nuna direba da ido, ta girgiza kai, ta ce wata magana da na tsinci "Alla" da "ibni" a cikinta, wato ɗana. Ban ji sauran ba, amma da motar ta sha kwanar farko na gane abin da take nufi. A hagu suke tuƙi, gadon Ingila, irin wanda Najeriya ta bari a 1972, sai dai su da kansu suna yi wa kansu ba'a cewa direban Malta ba dama yake bi ba, ba hagu ba, inuwa yake bi. Kafin ta sauka a Attard ta tura mini lemo biyu a hannu, ta ce "Sahha."

Kuɗin motar 'yan kwabbai ne, abin da ko ɗalibi ba zai ji a jikinsa ba. Har ranar da aka sallami motocin, tafiyar kusa santi 47 ce ta kuɗin Yuro. Saboda haka muka mai da su abin yawon buɗe ido. Abincinmu ma a tasha yake. Akwai wata rumfa a bakin ƙofar birni da ake soya imqaret, ƙullin fulawa da aka cusa wa dabino, ana tsamo shi daga mai a naɗe maka a takarda yana ƙona yatsu. Shi muka riƙe, da burodinsu mai ɓawo da ake goga wa tumatir a zuba man zaitun da kifin gwangwani. Akwai wani abin gashi da kowa ke ci, pastizzi, mai cuku ko wake a ciki, amma da muka kasa samun wanda zai tabbatar mana da irin kitsen da aka murza shi da shi sai muka haƙura. Abokina ya sayi lemon kwalbarsu Kinnie, ya kurɓa, ya yamutsa fuska ya ce an jiƙa maɗaci an sa masa suga. Kafin mu bar ƙasar shi ke shan biyu a rana. Ranar Juma'a kuma bas muke hawa zuwa Paola, inda masallaci yake, wanda Gaddafi ya aza harsashinsa a 1978.

Tsarin layukan a lokacin ba shi da wuyar ganewa, domin kusan duk hanya daga Valletta take tashi kuma can take komawa, kamar wayoyin ƙafar keke. Illar ita ce, ƙauyuka biyu da ke hangen juna, sau da yawa sai ka shiga birni ka sake fitowa kafin ka je ɗaya daga ɗayan. Ƙasar duka murabba'in kilomita 316 ce, babban tsibirin tsawonsa kilomita 27, bai kai daga Kano zuwa Wudil ba. Amma ka hau lamba 45 daga Valletta zuwa Cirkewwa, inda ake hawa jirgin fito na tsibirin Gozo, sai ka ci awa guda da ɗoriya. Za ka ratsa Birkirkara, ka wuce ta gaban cocin Mosta mai ƙatuwar ƙubba, wadda bam ya huda ya faɗo cikin masu ibada ranar 9 ga Afrilun 1942 bai tashi ba, kuma da wuya ka wuce wurin wani fasinja bai taɓo ka ya ba ka labarin ba. Daga nan sai gaɓar teku, sai hawan Mellieha. A nan ake sanin tsohuwar mota. Direba ya dawo giya ta ɗaya, injin ya kama kuka, kujeru na karkarwa, kowa ya yi shiru kamar ana taya ta numfashi. Da ta kai ƙololuwa sai ka ji hira ta ɓarke.

Fiton minti ashirin da biyar ne, ka wuce ɗan tsibirin Comino a hannun dama. A Gozo motocin a lokacin launin toka ne da jan ratsi, kuma sun fi na babban tsibiri rashin gaggawa. Babban garin an raɗa masa sunan Sarauniya Victoria a 1887, amma mutanensa har gobe Rabat suke cewa. A gidan tarihi da ke cikin ganuwarsa na tarar da dutsen kabarin wata yarinya Musulma mai suna Maimuna, wadda ta rasu a 1174, rubutun Larabci irin na Kufa raɗau a jikinsa. Mun daɗe a gabansa muna haɗa baƙi. Abokina ya yi mata addu'a, muka fito muka tarar motar da za ta mai da mu bakin ruwa ta tafi, domin direban ya ga fasinjan da ya samu sun ishe shi.

Kada in yi wa mai karatu ƙarya, motocin nan suna da halinsu. Hayaƙinsu baƙi ne ƙirin, matakalarsu tsohuwa sai an tallafa mata, mai keken guragu kuwa ba a ma maganarsa. Da rani ciki kamar tanda. Jadawali yana nan a rubuce, amma ran direba ya fi shi ƙarfi, kuma dare na fara nisa sai ka nemi tasi ko ka taka. Akwai direbobi masu fara'a, akwai waɗanda in ka miƙa musu takardar kuɗi babba za ka ji abin da ba ka so, akwai kuma wanda ya taɓa cinye mini canji ido na ganin ido. Mutanen ƙasar sun daɗe suna ƙorafi, masu hali duk sun sayi motocin kansu. Su ma bas-bas ɗin ba su da bakin kuka, don su suka kashe na gabansu: taragon lantarki ya tsaya a 1929, jirgin ƙasan da ke zirga-zirga tsakanin Valletta da Mdina tun 1883, wanda suke kira jirgin ruwan tudu, ya bi shi a 1931.

Ranar 3 ga Yulin 2011 aka sallame su, gwamnati ta biya masu su diyya, kamfanin Arriva ya karɓi layukan da sababbin motoci masu na'urar sanyaya ciki. Bai daɗe ba. A farkon 2014 ya tattara ya tafi, daga 2015 wani kamfanin Sifaniya ya ci gaba. Tun Oktoban 2022 mazauna ƙasar masu katin bas kyauta suke hawa. Ko kamfanin jiragen saman ƙasar, Air Malta, wanda ya fara tashi a 1974, ya rufe a ƙarshen Maris na 2024. Kuɗin ƙasar, lira, ya tafi tun 2008. Ta kowace fuska da za a iya aunawa, fasinjan yau ya fi mu jin daɗi, wannan ba na musu. Abin da na ce kawai shi ne, a da in ka tsaya a bakin hanya kana gane wanda ke tafe tun daga ƙarar injinsa.

Na koma a 2019, ta sama wannan karon, da biza irin ta Tarayyar Turai da na sha jeka-ka-dawo kafin in samu. An kwashe motoci daga shataletalen, an wanke mutum-mutumin nan uku, an shimfiɗe wurin da dutse, masu yawon buɗe ido suna ɗaukar hoto. An rushe tsohuwar ƙofar an yi sabuwa, an kuma kafa sabon lif a Barrakka tun 2012. Na hau bas mai ƙofa da ke rufe kanta, shiru kamar ɗakin jiran likita, kowa ya sunkuyar da kai a kan waya. A wajen Marsa wani saurayi ya shigo, kayan aikin gini a jikinsa, fenti a takalmi. Ya dubi hulata, ya sake duba, sannan ya rusuna ya ce, "Baba, ina wuni." Muka gaisa, na tambaye shi mutanen gida, na tambaye shi yaushe ya zo. Ya ce shekara huɗu ke nan. Na ce ta ina? Ya ce, "Ta Libiya, Baba. Ta ruwa." A jirgin roba suka taso, suka kwana uku a teku kafin a tsamo su, kuma ba duka suka iso ba. Ya tambaye ni ko wannan ne zuwana na farko. Na ce a'a, na taɓa zuwa da daɗewa, ni ma ta ruwan. Ban ba shi labarin shayi da gyaɗa ba. Ya danna maɓallin tsayawa, ya ce in sa shi a addu'a, ya sauka.

Tsofaffin motocin ba su ƙare duka ba. An yanka da yawa an sayar da ƙarfen, hukumar adana kayan tarihi ta ajiye wasu, wasu kuma masu su sun ƙi rabuwa da su, sun gyara su, sun mai da musu launukan da kowane layi ke da shi kafin 1973, suna ɗaukar 'yan biki da baƙi masu zagaya gari. In Allah ya kai ka Malta ka ci karo da ɗaya, kada ka tsaya a hoto daga waje. Ka biya ka shiga, ka nemi kujerar da ke bayan direba, in ka zo sauka ka ɗaga hannu ka laluba rufin. Wadda na shiga igiyarta tana nan, kuma ƙararrawar tana kaɗawa. Sau ɗaya za ka ja.